Buhun irin da na aika wa taubashina

Da za a ba ni dama in goge abu guda daga cikin abin da hannuna ya aikata a duniya, ba zan tsaya tunani ba. Buhun nan da na ɗora a mota zuwa Takanamat, shi zan sauke. Yau gemuna ya yi fari, idona ya fara rauni, na manta sunayen mutane da yawa da muka yi ciniki da su, amma wannan abin ba zan taɓa mantawa da shi ba. Ina rubuta shi ne don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tawa. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, na fita tun ina ƙarami na bi mahaifina kasuwa, a can na koyi lissafi da bakin tiya. Ina da ɗan kawu a wani ƙauye kusa da Takanamat, sa'ana ne, tare aka yaye mu. Taubashina ne, don haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. In ya hango ni daga nesa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga bawana nan tahe, ku ɓoye hura!" Ni kuma in ce masa ƙauyawa ba su san darajar baƙo ba. Ko bayan na je Makka kowa na kirana Alhaji, shi bai taɓa faɗin kalmar ba. Bawana kawai.

Mun daɗe muna sana'a tare. Ni ke ba da uwar kuɗi, shi ke yin wahala. Da kaka ta yi sai ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya shiga ƙauyuka, har wajen Tebaram, yana sayen hatsi tiya-tiya a hannun manoma. Sun san shi, sun yarda da awonsa, shi ya sa suke sayar masa da mai kyau. In ya tara sai in turo mota a kawo mangazata, wato ɗakin ajiyar hatsina a Tawa, in ajiye har farashi ya motsa. Sharaɗinmu shi ne in an sayar an fitar da uwar kuɗi, a kasa riba uku, biyu nawa, ɗaya nasa. Ni na yanke wannan sharaɗin, ban taɓa tambayarsa ko ya yi masa ba. Kuma kafin a kasa sai na cire kuɗin mota, da na buhuna, da hayar mangazar da tawa ce ta kaina. Yakan yi dariya ya ce, "Bawana, saura ka cire kuɗin iskar da hatsin ya sha." Sai mu yi dariya tare, ya karɓi abin da na miƙa masa.

Dole in bayyana abu guda don wanda bai san ƙasarmu ba. Daminarmu gajera ce. Hatsin gida, wanda kakanninmu suka saba shukawa a kan tudun Adar, ya san haka, yana sauri ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Maiwa kuwa, wadda ake kawowa daga kudu, ta saba da damina mai tsawo. Tana da kyau a tuwo da fura, amma in ka shuka ta a wajenmu sai ta yi ta ganye tana jiran ruwan da ba zai zo ba. Kowane yaro a ƙasarmu ya san wannan. Ni ma na sani.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya sauka da wuri. Mutane suka yi murna suka shuka. Tsiro ya fito, sai sama ta bushe, rana ta ƙone shi. Aka sake samun yayyafi, aka sake shuka, wannan ma ya mutu. Irin da manoma suka ajiye a rumbu ya ƙare. Kwatsam sai hatsin gida ya zama kamar zinariya, ba don ci ba, don shuka. Ni kuwa mangazata cike take da shi, wanda taubashina ya tara mini da kaka. A gefe guda kuma ina da buhunan maiwa da na sayo da araha daga Najeriya don masu ci.

Kullum da safe sai in tarar da mutane a ƙofar mangaza, wasu sun zo a kan kabu-kabu daga nesa, wasu da ɗan buhu a naɗe a hammata. Na ninka farashi. Suka saya. Na sake ɗagawa, suka yi gunaguni, suka saya. A lokacin ban ga laifi ba. Ina ce wa kaina ban tilasta wa kowa ba, kasuwa ce ta kai haka, kuma ni ma na sha yin asara a wasu shekarun ba wanda ya tausaya mini. Duk wannan gaskiya ne, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ina ya kamata in dakata ba. Na ɗauka riba ba ta da iyaka sai inda mai saye ya kasa.

Wata safiya taubashina ya kira ni a salula, cike da murna. An yi ruwa mai ƙarfi a wajensu, ƙasa ta jiƙe sosai. Ya ce, "Bawana, wanga shi ne ruwan ƙarshe da za a iya shuka da shi. In laimar ga ta wuce, an gama. Ka turo hatsin ga ƙauye a saida ma mutane da sauƙi. Su sunka saida muna shi da kaka, ka tuna."

Na ce masa shi manomi ne, bai san kasuwa ba.

Ya ce, "To, na ji. Naka ne, ka yi yadda kake so. Amma ina da kashi ɗaya cikin ribar. Ka ba ni buhu guda daga rabona, yau, in shuka. In an zo kasawa ka cire."

Ba abin da ya fi wannan roƙon daidai. Guminsa ne, shi ya bi rana ya tara hatsin. Na ce masa zan sa a motar da ke tashi da hantsi. Da na kashe salula na shiga mangaza, na tsaya gaban buhunan. Na dafa na hatsin gida, sai lissafi ya fara yi mini yawo a ka. A farashin ranar, wannan buhun ya kai buhun maiwa uku. Ga mutane a waje suna jira da kuɗi a hannu. Na dubi maiwar. Na ce a raina, wa ya sani, wataƙila bana damina ta yi tsawo tun da ta yi wasa da farko. In ta yi tsawo, maiwa ta fi ba da amfani, har gode mini zai yi. Haka na lallashi kaina, a tsaye, cikin ɗan lokacin da bai kai a sha shayi ba.

Na san in ya ga ƙwayar zai gane. Don haka na sayo jan maganin nan da ake cuɗa iri da shi don kada ƙwari su ci, na zazzage maiwar a kan tabarma, na cuɗe ta da hannuna har ta yi ja wur, na mayar a buhu na ɗinke. Na kai tasha da kaina. Na sake kiransa na ce, "Na ma sa maka magani, kyauta." Ya yi dariya ya ce, "Kai! Bawana ya yi kyauta? Lalle duniya ta kusa tashi." Jan nan ya kwana biyu a ƙarƙashin farcena, ina wankewa yana ƙin fita.

Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Ni da ban damu da sama ba sai don in san yadda farashi zai kasance, na koma mai duban gabas. In hadari ya haɗu sai in ji sanyi a raina, in ya watse sai in rasa sukuni. Duk direban da ya fito daga wajen Takanamat sai na tare shi in tambaye shi ko an yi ruwa. Har wani ya ce mini, "Alhaji, gona ka saya a can ne?" Matata ta lura ba na cin abinci sosai, ta tambaye ni, na ce ciwon ciki ne.

Ba a daɗe ba aka yi haihuwa a gidan kawuna, dole na je suna. Na so in aika da goro in ba da uzuri, amma ba hali. Bayan an shafa fatiha taubashina ya kama hannuna ya ce sai na ga gonarsa. Muka taka zuwa bayan gari. Tsiron ya fito kore shar, ya fi na maƙwabta ƙarfi, layi-layi har ƙarshen gona. Yana tafe yana nuna mini da sandarsa, fuskarsa cike da fara'a.

A nan ne ya gaya mini abin da ya yi da sauran irin. Ya ce buhun ya yi masa yawa shi kaɗai, iri ba ya cin wuri. Da ya ɗebi abin da gonarsa ke bukata, sai ya raba sauran. Ya ba wata gwauruwa da ke maƙwabtaka da su, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Ya ba limamin ƙauyen. Ya ba wasu gidaje da irinsu ya ƙare. Na tambaye shi nawa ya sayar musu. Ya dube ni kamar na yi maganar hauka. "Saidawa? Iri, ranar shuka? Rabona ne, na ba su. In Allah ya ba su, su tuna da ni da dame guda."

Matarsa ta iso mu da ƙwaryar fura. Ta tsuguna ta kama ganyen tsiro guda tana murzawa. Ta ce, "Ni dai hatsin ga bai yi mini kama da namu ba. Ganyen ya cika faɗi." Taubashina ya ce, "Ke, maganin birni ne ya sa shi ƙiba, kamar yadda birni ya sa bawana ƙiba. Dubi tumbinshi." Suka yi dariya. Ya juyo gare ni yana jiran in rama.

Wannan ita ce damar da Allah ya ba ni, kuma ita ta fi ci mini rai har yau. A lokacin akwai sauran hanya. Da na buɗe baki na faɗi gaskiya, da an zage ni, da an ji haushina, amma da an bi tsakanin layukan an zuba wake, wanda ba ya bukatar dogon ruwa, mutane su samu abin da za su riƙe. Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna limami na cikin waɗanda ya ba irin, na tuna yadda labarin zai kai kasuwar Tawa, a ce Alhaji wane ya rina maiwa ya ba ɗan'uwansa. Na haɗiye. Na ce wa matar ai irin bana haka yake. Na sha furarsu, na hau mota na dawo.

Sauran daminar ban san yadda zan kwatanta muku ita ba. Na sayar da hatsin gida kaf, na samu ribar da ban taɓa samun irinta ba, kuma ban ji daɗin ko dala ɗaya ba. In salula ta yi ƙara na ga lambarsa sai in daɗe kafin in ɗauka. Yakan kira ya ba ni labari da murna: an yi noman farko, an yi maimai, kara ya wuce kansa, mutane na tsayawa kallo. Ni kuwa ina lissafin watanni a ɓoye. A masallaci in liman ya roƙi ruwa, amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi, mutane na ganin tausayin manoma ne ya kama ni. Ba su san ina roƙo ne Allah ya sauya yanayin ƙasa gaba ɗaya don ya rufa wa ƙaryata asiri ba.

Sai kiran ya fara raguwa. Hatsin maƙwabtansa, waɗanda suka sayi iri mai tsada a hannuna da hannun 'yan kasuwa irina, ya yi ciki, ya fitar da kai. Nasa yana nan yana ganye. Wata rana ya kira, babu wasa a muryarsa, ya ce, "Yara na gasa tumu a gari, nawa ko ciki bai yi ba. Mi kake gani?" Na ce wataƙila ƙarfin ƙasa ne, ya ƙara haƙuri. Ya ce, "To." Ya kashe.

Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa, bai ƙara ko kwana ɗaya don ni ba. Iska ta juya. Na san an gama, amma na ci gaba da zuwa kasuwa kamar ba komai, ina jiran abin da na san yana zuwa.

Ya zo ranar kasuwar Tawa, da rana tsaka, ina zaune a ƙofar mangaza da abokan ciniki. Na hango shi yana ratso mutane da dogon kara a hannu, ya tumɓuke shi har da saiwa. Bai ɗaga murya daga nesa ba. Ya iso ya yi sallama, ya gaisa da kowa, ya jira har suka tashi. Sannan ya shimfiɗa karan a gabana a kan tabarma. Ya fi mutum tsawo, kauri kamar rake, ganyen ya fara bushewa, a samansa babu komai.

Ya ce, "Alhaji."

Tun da aka haife mu ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. Da ya zage ni ko ya mare ni, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Tambaya guda na zo yi. Kuskure anka yi wajen ɗaukar buhu, ko ka sani?"

Ya ba ni ƙofar fita da kansa. Da na ce kuskure ne, na tabbata zai karɓa, ko da bai yarda ba, don zumunci ya tsira. Amma na dubi karan, na kasa. Na ce, "Na sani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Da na zuba shi a hannu na ji ƙwayar ta ɗan bambanta. Ban kawo komi a raina ba, don daga hannunka ta hito." Sannan ya ce, "Tawa gonar da sauƙi. Matar nan da na ba, mi zan ce mata? Ni na kai mata har gida."

Na fara magana da sauri, na ce zan biya, zan cika mota da hatsi, zan ba shi rabin ribar bana maimakon kashi ɗaya, duka ma in yana so. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce hatsin da zan aika wa mutanen da ya ba iri, in aika, haƙƙinsu ne. Amma shi ba ya cikin ribar bana. Ya ce in lissafa masa ladan wahalarsa ta kaka kamar yadda ake biyan ɗan ƙwadago, shi ke nan. Ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya bar mini karan.

Na cika mota na aika. An sauke a ƙofar gwauruwar, da ta liman, da sauran gidajen. Buhunan da na sa a kai gidansa, direba ya dawo mini da su. Bai gaya wa kowa a ƙauyen abin da na yi ba. Ya ce musu an samu matsala da irin, kuma shi ya ɗauki kunyar, har wasu suka daɗe suna yi masa kallon wanda bai san hatsi ba. Ya sayar da jakin da amalanken, ya bar wa iyalinsa abin da za su ci, ya bi samari zuwa Libiya neman aiki, a shekarun da ya kamata a ce 'ya'yansa ne ke tafiya shi yana gida. Ya daɗe a can. Ya dawo da ciwon baya da bai rabu da shi ba har yau.

Yana nan da ransa. Muna haɗuwa wajen biki da wajen gaisuwar mutuwa. Na nemi gafararsa gaban kawuna kafin tsohon ya rasu, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Amma in na iso sai ya miƙe ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji, ina gajiya?" Ya sa a kawo mini tabarma mai kyau da fura a sabuwar ƙwarya. Wani lokaci nakan tsokane shi da ƙauyanci, ko zai manta ya rama. Sai ya yi murmushi kawai.

Ban bar kasuwa ba, kuma ban ce riba haramun ce ba. Wanda ya sa kuɗinsa ya jira, ya cancanci ya samu. Amma na koyi cewa akwai inda ya kamata mutum ya tsaya da kansa, tun kafin mai saye ya kasa. In abin da ke hannunka shi ne irin da mutum zai shuka ko abincin da zai kwana da shi, to farashin da ya yarda ya biya ba yardarsa ba ce, tsoro ne. Tun daga shekarar nan, in lokacin shuka ya yi, ina ɗora abin da ya dace a kan yadda na sayo, in tsaya nan, ko kasuwa ta kai ina. Wanda duk muke aiki tare kuma, mukan zauna mu yanke rabo da bakinmu biyu kafin a fara, kuma in ya ce yana son nasa a hatsi, shi ke shiga mangaza ya zaɓi buhunsa.

Ku da kuke karanta wannan, musamman matasan da suka fara juya kuɗi, roƙona gare ku guda ne. In kuka tsaya gaban kayanku lissafi ya fara yi muku daɗi, ku tuna da wanda ya sha rana ya tara muku su, ku ba shi nasa cikakke a ranar da yake bukata. Kada ku yi abin da na yi. Bambancin buhu guda na ci, na mayar da shi ninki ba adadi, kuma har yau ban samu wanda zai hango ni daga nesa ya ce a ɓoye fura ba.